Ranar da Injin Zai Farka Kafin Ɗorawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Abdulmumini ɗan Malam Ɗanliti nake rubuta wannan da hannuna, a gindin darbejiyar ƙofar gidana, bayan la'asar. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan daram. Shi kaɗai ne abin da shekara talatin da ɗaya na aikin gwamnati ba su cinye ba. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ManzonSa ne. Zuwa ga 'ya'yana uku, Sabiru da Tasi'u da Sakinatu.

Na ɗaya. Gida da gonaki Allah ya riga ya raba su tun kafin a haife ni. Ku kira liman ya karanta muku rabonku. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Littattafaina na injiniyan ban ruwa suna cikin akwatin ƙarfe. Gara ta ci rabinsu, kuma ban ji haushinta ba, domin a duk faɗin ƙasar nan ita kaɗai ta taɓa shiga cikin rahotannin da na rubuta. Abin da ta rage a bai wa Glory, 'yar maƙwabcinmu Buwai, tunda ita ce ke karatu da gaske.

Na uku, kuma dalilin wannan takarda: motar. Ina roƙonku ku ukun ku yarda a bar ta a tsakaninku, kada a sayar, kada a yi mata kuɗi a cikin rabo. Roƙo ne, ba umarni ba, don na san iyakar abin da shari'a ta bar wa mamaci.

Kun san irinta ce ake kira haibirid, mai tafiya da fetur da kuma babban batir da ke bayan kujerar baya. Da na kawo ta shekarar da na yi ritaya, 'yan majalisar bakin kasuwa suka ce na sayo motar aljanu, wai ta wuce su ba su ji ta ba. Na yi musu bayani sau ɗaya, suka yi dariya, na daina. Haka na saba da mutane.

Mahaifiyarku Rahma ce kaɗai ta gane ta. Idan mun dawo daga Ɗambatta, muka sauka daga kwalta muka hau burtalin gida, sai in ɗaga ƙafa kaɗan, injin ya yi barci, batir ya karɓi tafiyar. Daga nan sai mu zama kamar kwale-kwale a kan ruwa. Gero ya fi mu tsawo dama da hagu, ganyensa yana shafar ƙofofi. Ana jin kukan kurciya, ana jin mata suna daka a can gidan su Buwai. Zabi ba sa ma tashi daga hanya sai na yi musu magana ta taga. Takan rufe ido ta ce, "Malam, kar ka tashe shi." A lokacin shirun nan yakan kai mu har cikin rumfa. Har yanzu idan na kishingiɗa da rana nakan ga muna wannan tafiyar, burtalin bai ƙarewa, geron bai bushewa.

Na huɗu. Na san al'adarmu. Ranar da aka binne ni za ku ja motar cikin rumfa, ku lulluɓe ta da tamfol, ku miƙa wa liman makulli, kowa ya ce kayan marayu ne ba a taɓawa sai an yi rabo. Rabon gidan kawunku ya ɗauki wata goma sha huɗu. Garma za ta jure wannan jira, keken ɗinki zai jure, batirin nan ba zai jure ba. Zama ne ke kashe shi. Ku nuna wa liman wannan sakin layi: na yarda, kuma ina so, a fita da ita tun Juma'ar farko bayan sadakar uku.

Na biyar. Batirin ya tsufa, kuma za ku yi gardama kan ranar canza shi. Kada ku yi gaggawa don wani bakanike ya girgiza kai, kada kuma ku jira sai jar fitilar gargaɗin nan ta gaban direba ta kama a tsakiyar hanya da mara lafiya a ciki. Ga ma'aunina. Kowace Juma'a ku je masallacin Ɗambatta da ita. A dawowa, injin ya riga ya ɗumama, ku sauka daga kwalta ku hau burtalin gida, ku tafi a hankali kamar tafiyar jaki. Ku saurari inda injin zai farka. Yanzu yana farkawa taku kaɗan bayan babbar ɗorawar nan ta rabin hanya. Ranar da ya farka kafin ɗorawar, Juma'a uku a jere, lokaci ya yi. Za ku ga ma alamar batirin a gaban direba tana cika tana zubewa nan da nan, fankar baya mai sanyaya batirin tana gurnani, mai yana ƙarewa da wuri.

Idan ranar ta zo, a sayar da jan bijimin, don wannan na yi kiwonsa. A sa batir cikakke mai kyau. Kada ku yarda da mai cewa zai canza ƙwaya ɗaya ko biyu daga ƙananan batura da ke cikin tsohon. Na ga yadda ake faci a ma'aikatarmu, sabo ɗaya a cikin gajiyayyu, bai taɓa kai damina biyu ba. Sakinatu ce za ta yanke hukuncin ƙarshe, domin ita kaɗai ce a cikinku take sauraro har mutum ya gama magana.

Wannan awo ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya zauna a baya ya sa kunne ga fanka. Sabiru da Tasi'u, ku nake nufi. Ku riƙa musaya kowane mako.

Na shida. Shekara biyu ke nan ba ku gaisa ba, kuma na san mafarin. Sabiru, ka loda buhunan wake a kujerar baya zuwa kasuwar Dawanau, suka toshe 'yar tagar da batirin ke shan iska ta gefen kujera. Tasi'u, kai kuma ka tsaya a tsakar gida ka ce masa, "Ka kashe motar Inna saboda wake." Ina zaune ina jinku, na yi shiru. Shirun nan shi ne mafi munin abin da na yi a rayuwata, kuma na yi munana da yawa.

Ba Sabiru ne ya gajiyar da batirin ba. Tafiya ɗaya ba ta yin haka. Ni ne. Shekara biyun da na yi ina kai mahaifiyarku asibiti, ba ta iya zama, sai kwanciya a baya, kuma wuri ɗaya tak ciwon ke barinta ta sa kai: daidai kan tagar nan. Can nake tura mata matashin kai. Na karanta littafin motar tun daga bango har bango, na san abin da zafi ke yi wa batir. Ina jin fankar tana wahala a ƙarƙashin kanta, ita kuma tana barcin da ba ta samu a gida. Na zaɓi barcinta, kuma da za a dawo da ni zan sake zaɓarsa. Abin da ban iya ba shi ne in buɗe baki a gabanku in ce ni mai ilimin ne na yi. Na bar ɗana ya ɗauki laifina don kada a ce injiniya ya toshe tagar iska da matashin kai.

Sabiru, ka yafe mini. Tasi'u, ɗan'uwanka ba shi da abin da zai roƙe ka. Kai za ka je wurinsa, kuma kada ka jira sai kun haɗu a kan gawata.

Na bakwai. Za ku ce me ya sa ɗorawa, ba rijiya ko kwanar gidan Buwai ba. Kun san abin da ke gabas da ita. Can Rahma take kwance, kuma na roƙi a yi mini wuri kusa da ita. Ba ta son ƙara tun tana da rai. Ina so motar ta riƙa wuce mu yadda take wuce zabi, ku sauke gilashi, ku yi mana sallama, ku yi mana addu'a.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku da gonakinku, ya ba ku damina mai kyau. Allah ya jiƙan Rahma, ya sa in cika da imani. Ku riƙe Sakinatu, ku riƙa leƙa Buwai, ya tsufa shi ma.

Kada ku wuce mu da ƙara. Kada kuma ku wuce mu ɗai-ɗai.

Mahaifinku,
Abdulmumini Ɗanliti