Ashe a Hankali Ƙwayar Halitta Ke Rabuwa

Daren Talata, Ƙofar Dundaye

Yau gidan ya ji muryar mutum. Jikata Hadiza ta biyo daga jami'a da bidiyo a waya, na yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu.

Shekara da shekaru na koyar da darasin nan, ban taɓa ganin abin yana motsi ba. Mu albasa muke ɗorawa a bakin kofin ruwa har ta yi saiwa, mu yanki kan saiwar da reza, mu rina, mu danne a gilashi. Abin da madubin ƙara girma ke nuna mana gawa ce. Sauran da alli nake cikawa.

Ta kawo wayar daf da fuskata, amma yanar idon nan ta hana ni gani.

"Mi kag gani, angona?"

"Ba komai, amarya. Mijinki ya tsufa."

Ta daina dariya, ta kama hannuwana ta sarƙe yatsuna. "Yatsun nan su ne kuromosom, masu ɗauke da gadon halitta, ga su nan a ɗaure. Yanzu sinadarin enzayim ya yanke ɗaurin." Ta ja hannu ɗaya gabas, ɗaya yamma. "Zaren furotin ne ke jan su haka, sannan tsakiya ta tsuke."

Ashe a hankali abin ke tafiya. Ni kuwa da sauri nake zana shi, kamar ana yaga ƙyalle. Ɗalibaina duk sun yi furfura, wasu ma sun riga ni gidan gaskiya. Da zan same su, da na gyara musu.