Sanyi Kala Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

An cire ni daga ɗakin mata an sa ni a kwamitin gyara sunayen cututtuka na kwamfutar asibiti. Ni da na saba da allura, wai in zauna ina tankaɗe kalmomi. Mu huɗu ne: ni, mai ɗakin magani, mai kwamfuta, sai Mama Likita. Ita ce shugaba. Gilashinta a ɗaure da zare.

Laraba, 5 ga Maris

Yau na gane dalilin kwamitin. Mama Likita ta sa aka buga "sanyi" a kwamfuta. Cuta huɗu suka fito: mura, ciwon huhu, ciwon gaɓoɓi, da na mara. Ta ce matar gado na ƙarshe, wadda na yi ta sa wa iskar taimakon numfashi watan jiya, ciwon huhu ya kawo ta, aka rubuta sanyi, aka haɗa mata maganin mara. Har yau tana kwance. Mai ɗakin magani ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗago, ɗana. Abin da ka gani ka bayar. Kalmar za mu tuhuma."

Jikina ya yi sanyi. Sanyi na biyar ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Gardama kan "shawara" har shayi ya huce.

Talata, 11 ga Maris

Mama Likita ba ta yarda da kalma sai ta gwada ta a bencin jiran marasa lafiya. Ta zauna kusa da wani dattijo ta ce, "Baba, in aka ce an ga ƙari a cikinka, me ka fahimta?" Ya ce, "Alhamdulillahi, ai da ragi gara ƙari." Muka yi ta dariya, har da ita. Da muka koma ofis dariyar ta ɗauke. Ta ce wannan bawan Allah da gida zai tafi yana murna.

Ita ma kalmarta ta faɗi yau, wadda ta kawo da kanta don shanyewar ɓarin jiki. Ba wanda ya gane. Ta soke ta tana cewa, "To, na sha ƙasa." Ban taɓa ganin babba ya sha ƙasa da fara'a haka ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Shugaban asibiti ya leƙo, wai a gama kafin ƙarshen wata. Ta miƙe, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, gamawa kake so ko gyarawa?" Ya sosa ƙeya ya fita.

An sallami matar gado na ƙarshe. Da ƙafarta ta fita.

Litinin, 24 ga Maris

Mama Likita ba ta zo ba, 'yarta na naƙuda. Mazan suka ce mu haɗa jijjigar zazzaɓin yara da farfaɗiya wuri ɗaya mu wuce. Na ce a'a. Uwar da aka ce wa ɗanta na da farfaɗiya, ta daina barci ke nan, alhali zazzaɓi ne kawai. Ban san lokacin da na tasa su gaba zuwa benci ba.

A hanya na ji mai kwamfuta yana raɗa, "Shi ke nan, sun zama biyu."

Na harare shi. Ba sosai ba dai.