Kunyar da Ba Ka Yi Mini Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Tela na Gada Biyu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa ubanta tana durƙushe, ina fatan makwancinka yana da haske da yalwa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka ban rubuto maka ba, yau ɗin ma ƙara na kawo. Na san wasu za su leƙa su karanta, to su leƙa. Na gaji da cin abin a raina ni kaɗai.

Ka san ni da bin diddigi. Tun ina ƙarama nake damunka da tambayar daga ina Kaka ya zo Jos haƙar kuza, kullum amsarka ɗaya ce: "Daga gabas, a ƙafa." Bana na ce sai na gano gabas ɗin nan. Na tattara katin aikin Kaka wanda gara ta ci rabinsa, da takardar haihuwata, da takardar shaidar rasuwarka. Da takardu suka ƙare mini, wata malama da muke koyarwa tare ta ce in yi gwajin DNA. Yawu kawai ake tofawa a 'yar kwalba a aika ƙasar waje, bayan 'yan makonni sakamako ya shigo waya. Baba, da na san abin da yawuna zai tono, da na haɗiye abina.

Garin Kaka dai har yau ban gano shi ba. Mace na gano. A saman jerin dangin da suka samo mini akwai wata Nkechi, wai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jininmu ɗaya ne. Suka ce ko kaka ce, ko gwaggo, ko 'yar uba. Na yi dariya, na ce Turawa sun haɗa kwalabe.

Kwana uku bayan nan ta turo mini hoton takardar haihuwarta daga wani asibitin mishan. Sunan jaririya, Amina Nkechi. Sunan uba, Sani. Sana'a, tela. Unguwa, Gada Biyu. Na duba shekarar, na sake dubawa. Ta girme ni da shekara shida.

Ban tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba na nufi Kwararafa wajen ƙanwarka, Gwaggo Laraba. Tana tsintar shinkafa, na sa mata wayar a kan faifai. Ta ture faifan gefe, ta kwashe komai ta faɗa mini. Aure ne, da sadaki da shaidu, da 'yar mai shagon zare da maɓalli da ke jikin shagonka. Ba a yaye yarinyar ba gari ya rikice, dangin uwar suka sa su a mota sai Kudu. Can suka ce wa yarinyar ubanta ya mutu. Sau biyu ka bi sawunsu, na biyun sai da ka sayar da keken ɗinkinka, ka dawo hannu wofi ka kama bakinka. Inna ma, Allah ya ji ƙanta, ta sani kafin ta aure ka. Kowa ya sani, ban da Binta sarkin bincike.

Ba auren ne ya ƙona ni ba. Bari in faɗa maka abin da ya ƙona ni.

Duk unguwarmu babu uban da ke kiran sunan ɗansa na fari. Sai dai "kai", ko "wannan yaron", ko a kau da kai in ya shigo. Kai kuwa tun daga bakin gada ake jin muryarka: "Binta! Bintalo!" Ka ɗora ni a cinya kana taka keke, ka raka ni makaranta, ka yi kuka a gaban maza ranar da za a kai ni gidan miji. In abokanka suka tsokane ka da cewa Malam Sani ba ka kunyar 'yar fari, sai ka gutsire zare da haƙori ka ce, "Ni da Binta babu kunya."

Da wannan maganar na yi tinƙaho shekara arba'in da shida. Na sha gaya wa ƙawayena cewa son da Babana yake mini ya fi ƙarfin al'ada. Ashe al'adarka tana nan daram, Baba. Ni ce dai ba mai ita ba.

Gwaggo ta tuna mini da Amina 'yar maƙwabcinmu, wadda har ta yi aure "'Yar Maƙwabta" kake ce mata. Ta tuna mini da matan da ke kawo ɗinki, in Amina ce sai ta koma "Mai Shuɗiyar Atamfa". Ni ina zaune a gindin kekenka ina yi maka dariya, wai Baba ba ya riƙe suna. Ashe ka riƙe shi riƙon da ba ka iya furtawa.

Kishi nake yi, ban ɓoye maka ba. Ni na ci tuwo a kwanonka, ni na yi jinyarka, a kafaɗata ka jingina kwanakinka na ƙarshe. Ita ko takalmin Sallah ba ta samu daga gare ka ba. Amma wallahi shirun nan da ka yi mata ya fi duk waɗannan a idona.

Ka san inda take? Rayfield. Aikin jinya ya dawo da ita Jos shekara ashirin da suka wuce, kana raye, kuna shan ruwan gari ɗaya. Sai da uwarta ta rasu ta fara nemanka a takardu. Ranar Asabar na je gidanta, na tafi da shirin in ga aibu. Ta buɗe ƙofa ta yi murmushi, sai ga wushiryarka. Kunnuwanka ne, tafiyarka ce, har yadda kake karkata kai in kana sauraro. Ni da na kwaso kamannin Inna kaf, na tsaya kamar wadda ta zo neman aiki. Ta rungume ni tana kuka, ni kuwa ina ƙirga abin da ta gada.

Ta dafa mini shinkafa, ta shimfiɗa takardunta a tebur, ta sa hotonka da na kai mata a ƙirji. Da na tashi tafiya ta riƙe hannuna, da Hausarta ta 'yan Jos ta ce, "Sista, Baba ya taɓa yin magana na?"

Na ce mata ko sau ɗaya bai taɓa ambatonki ba. Dalilin kuwa na ɓoye mata.

Ban yi ƙarya ba, ka sani. Amma na ga yadda hannunta ya saki nawa. A gidan da ta tashi, ɗan da ake so shi ake kira. Ba ta san ma'anar shirunka ba, ni na sani, kuma na bar ta a haka na hau keke Napep na dawo gida. Har na ji daɗi, Baba. Daɗin bai kai ni Gada Biyu ba.

Kwana biyar ke nan ba ta kira ba. Duk duniya ni da Gwaggo ne kaɗai za mu iya fassara mata kai, Gwaggo kuwa ƙafa ta hana ta fita. In na rufe bakina, haka matar nan za ta tsufa tana ganin ubanta ya manta da ita, ni kuma in ci gaba da zama 'yar fari a bakin mutane.

Gobe bayan an tashi daga makaranta zan koma. Zan gaya mata labarin keken da ka sayar, da na matan da ka sauya wa suna. Zan ce mata Yaya, ko da kalmar za ta yi mini nauyi a baki. Kada ka ɗauka kishin ya wuce, yana nan. Ba zan dai bari ya ci rabonta ba, don bai da yawa.

Allah ya gafarta maka, Babana. Ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da mu a Aljanna, mu duka biyun. A can ka daure ka kira ta da sunanta sau ɗaya ta ji. Ni zan kau da kai.

'Yarka ta biyu,
Binta