Saura ƙwaya goma sha ɗaya a irin kabewar matata

Malama mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin hadari ya fara haɗuwa ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na san mutane matsalar aure da ta dangi suke kawo miki. Ni tawa ta kabewa ce. In kin ga dama ki yi dariya, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni tela ne, shekarata sittin da bakwai, shagona a ɗakin ƙofar gidana yake. Shekara uku ke nan da rasuwar matata, Allah ya jiƙanta. A bayan ɗakinta akwai wani ɗan fili, tsawonsa bai wuce taku goma sha biyu ba, kuma a nan take shuka kabewa duk damina tun muna amarya da ango. Irin ba na kasuwa ba ne. Mahaifiyarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane, ita ma daga tata uwar ta samo. Doguwa ce mai wuya, bayanta toka-toka, cikinta ja wur, ga zaƙi. Na zaga kasuwanni na tambayi masu kayan lambu, babu wanda ya taɓa ganin irinta. Duk shekara matata takan ware mafi kyau ta cire irin, ta shanya, ta zuba a wani tsohon gwangwanin maɓallai da ta ƙwace a shagona. Ranar da ta rasu gwangwanin nan cike yake taf. Yau da safe na juye shi a tafin hannuna, saura ƙwaya goma sha ɗaya.

Bari in faɗa miki gaskiya a kaina, ni mutum ne mai son abu a miƙe. Ita kuwa lambunta hargitsi ne. Ɗoɗɗoya nan, na'ana'a can, riɗi ya fito inda ya ga dama, albasa an bar ta ta yi tsiri har ta yi fure, ga wasu ciyayi da ko sunansu ban sani ba. A gindin famfo kuma kullum akwai ɗan taɓo da ta hana a gyara. Shekara arba'in ina yi mata tsiya cewa da a shagona take aiki da tuni na sallame ta. Sai ta yi dariya ta ce in kula da kekena, ta kula da lambunta. Ban taɓa tambayarta dalilin komai ba, ko sau ɗaya.

Da daminar farko ta zo bayan rasuwarta, na ce zan girmama ta. Na tumɓuke komai tas, na share wurin fes, na ɗauko abin awona na ja layi, na shuka kabewar a jere. A cikin wannan daminar ce jikanyata, 'yar ɗana da suke zaune tare da ni, ta taka ƙudan zuma a taɓon famfo. Shekararta biyu a lokacin. Ƙafar ta kumbura sumtum, yarinya na kuka uwarta na kuka. Matar ɗana yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ranar ta durƙusa ta roƙe ni in raba su da ƙudan nan. Na yi mata alkawari, washegari na sa aka shafe gindin famfon da siminti, na sayo maganin ƙwari. Tun daga nan duk bayan kwana uku nake feshi, da sassafe lokacin da furannin suke a buɗe, don ya shiga sosai.

Malama, kabewar ta yi yaɗo har kan katanga, ganye kore shar, fure ba a magana. Sai in ga ɗan ƙullutu ya fito a gindin fure, in yi ta murna, bayan kwana huɗu ya yi rawaya ya yanƙwane ya faɗi. Haka ɗaya bayan ɗaya har damina ta wuce. Ko ɗaya ban samu ba.

A shekara ta biyu na zauna na yi nazari. Na lura furannin iri biyu ne, akwai masu ƙullutu a gindi, akwai kuma wasu masu yawa a kan dogon siririn kara waɗanda ba sa haifar komai. Na ce to ga ɓarayin, su ne suke shanye ƙarfin shukar. A sana'armu zaren da ba ya riƙe komai yanke shi ake yi. Kullum kafin in buɗe shago sai in bi da almakashi in datse su kaf, in bar masu amfani kawai. Wallahi ban yi fashi ba ko rana ɗaya, har ranar da nake zazzaɓi. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, na sake shuka sau biyu a damina ɗaya, abin da ya cinye mini iri ke nan. Bara ma haka. Na yi duk abin da ɗan'adam zai yi, ba na jin akwai inda na gaza.

Kwanan baya wani tsohon malamin gona ya kawo mini wando in rage masa. Ina aiki na ɗan ɓalle masa bakin zancen, sai ya tambaye ni ko ƙudan zuma na zuwa lambun. Na ce ai na yi maganinsu tuni. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to kabewa ba ta haihuwa sai da su. Ina jin haka na soki yatsana da allura. Kunya ta hana ni ƙara tambaya, na miƙa masa wandonsa ya tafi. Da na shiga bayan ɗakin na tsaya, sai na ji wurin tsit. Da can in matata na ban ruwa da safe, har daga shago nakan ji gunjinsu, ina ma ƙorafin sun cika mana gida.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Muna da 'ya mace guda ɗaya, tana aure a wani gari mai nisa. Duk sanda ta kira ta tambayi kabewar mamarta, sai in ce lafiya lau, ta yi 'ya'ya har mun raba wa maƙwabta. Shekara uku ina shirga mata ƙarya, da furfurata. Yanzu sun samu gida mai fili, ta ce nan da mako biyu za ta zo ta ɗebi irin uwarta ta shuka. Tana ta ɗoki a waya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Har na yi tunanin in sayo irin kasuwa in cika gwangwanin, sai na tuna ranar da za ta fasa ta farko ta ga ba ita ba ce.

In na kira ƙudan nan su dawo, na karya alkawarin da na yi wa matar ɗana, kuma in wani abu ya sami jikanyata ba zan yafe wa kaina ba. In ban kira su ba, abin da mata uku suka riƙe ya mutu a hannuna. Ban ma san yadda ake kiran su ba. Me zan shuka? Za su dawo kuwa bayan abin da na yi musu? In shuka goma sha ɗayan duka ko in ɓoye? Abinci ba ya mini daɗi, ɗinki ma sai in yi in warware. Ki taimake ni.

Naki cikin damuwa,
Tsohon tela

*

Baba, ban yi dariya ba. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ka haƙurin rashinta. Ka kwantar da hankalinka, ƙwaya goma sha ɗaya iri ne, kuma irin kabewa da aka adana a busasshen wuri yakan kai wannan shekarun bai mutu ba, ko da yake wasu ba za su tsiro ba.

Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Malamin gonan nan rabin labarin ya ba ka, don rabi ka ba shi. Furannin da kake datsewa su ne mazan. Masu ƙullutu su ne matan. A cikin namijin akwai wani gari rawaya, shi ƙudan zuma ke kwasa a jikinsa ya kai wa macen, sannan ƙullutun ya zama kabewa. Ko da ƙudan garinku duka sun taru a lambunka, da wuya su sami abin ɗauka, domin ka riga su da almakashi. Ka ce ba ka ga inda ka gaza ba. A ƙoƙari kam ba ka gaza ba, tambaya ce ba ka yi ba. Daga yau almakashi ya zauna a shago.

Feshi ma ka daina gaba ɗaya. In ƙwari sun dame ka, ka tsince su da hannu, filin ai ba shi da yawa.

Hargitsin nan da kake yi wa Mama tsiya a kansa, abincin ƙudan ne. Ka mayar da shi. Tun yanzu, kafin ruwa ya zauna, ka samo dashen ɗoɗɗoya da na'ana'a ka dinga ba su ruwa, ka watsa riɗi a gefen katanga, ka binne albasa biyu ko uku ka bar su su yi fure. Kada ka tsinke kan ɗoɗɗoyar, furen ake so. Dabarar ita ce kullum a sami wani abu da ke fure, tun kafin kabewa ta buɗe nata, don ƙudan su riga su san hanya. Ciyawar da ta fito da ɗan fure a lungu, ka kau da kai. Ka bar wani gefe ba shara, don akwai ƙananan ƙudan da a ƙasa suke gida. Su ba sa riƙe mutum a zuci, inda abinci yake nan suke zuwa.

Amma ba zan ce ka jingina sauran irin nan a kan dawowarsu bana ba. Wannan daminar kai ne za ka yi aikinsu. Da sassafe, in fure ya buɗe, ka tsinko namiji ɗaya, ka cire masa ganyen furen, ka goga tsinken da ke tsakiyarsa a cikin macen a hankali. Sannan ka haɗe bakin macen ka ɗaure da zare, don kada a kawo mata garin wata kabewar daga maƙwabta irin ya gauraye. Ka yi wa uku ko huɗu haka, su ne na iri. Hannun da ya saba zura zare a allura ba zai kasa wannan ba.

Yanzu matar ɗanka. Tana da gaskiya, uwa ce, ta ga ƙafar 'yarta a kumbure. Kada ka yi komai a bayan idonta, kuma kada ka yi mata umarni. Ka zaunar da ita da mijinta ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Ƙudan da ke kan fure abincinsa ya dame shi, da wuya ya yi harbi sai an taka shi ko an kama shi, kuma ba amya za ka kafa ba. Abin da ya jawo wancan harbin ruwa ne a ƙasa inda yarinya ke yawo ba takalmi. Ka bar simintin yadda yake. Ka sa wa ƙudan ruwa a faranti da tsakuwa a ciki, ka ɗora a kan katanga can ƙarshen lambun, kana sauyawa duk kwana biyu saboda sauro. Ka yi wa lambun ɗan shinge da ƙofa. Sannan a tambayi likita game da wancan kumburin. In ya ce jikin yarinyar ba ya ɗaukar harbi, to maganar ta sauya: lafiyarta ce gaba, furannin su koma gidan 'yarka, kai ka tsaya ga aikin hannu.

Irin kuma kada ka zuba shi duka a rami ɗaya. Ka shuka huɗu, ka ajiye uku, ka ba 'yarka huɗu. Lambu biyu a gari biyu sun fi lambu ɗaya tsira.

Wannan na nufin za ta ga cikin gwangwanin, kuma haka nake so. Ka manta da irin kasuwa. Kada ma ka jira ta zo, ka kira ta a makon nan ka gaya mata komai, har da almakashin. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi na kwana biyu, hakkinta ne. Amma ka tuna ita ta girma a gindin uwarta a lambun nan lokacin da kake kan keke. Ba mamaki abin da ka kwashe shekara uku kana nema, ita ta san shi tun tana 'yar shekara goma, kai ne ka hana ta damar faɗa maka.

Mama ba ta yi maka bayani ba saboda ta ɗauka akwai sauran lokaci. Kai ma haka kake ɗauka, Baba, shekara uku ke nan. Ka kira 'yar taka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya jikanyarka, ya sa ku fasa ta farko tare da 'yarka.