Batirin Da Na Naɗe Da Salatif

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga wadda ta goye ta. Yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Yaya maigidanki da yara da jikoki? Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin rufin asiri.

Yaya, ni ce na ƙona Baban yara. Na gaya miki ta waya cewa batir ne ya fashe masa a aljihu. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiyar duka ba. Bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san shekarun da ya kwashe yana shan sigari, har likita ya nuna masa hoton huhunsa. Ya yi ta ƙoƙarin bari yana komawa. Daga baya wani abokin aikinsa a sito ya nuna masa tabar lantarki, wadda ake zuba wa ruwa, batir ya ɗumama wata siririyar waya da auduga a cikinta, sai tururi ya fito maimakon hayaƙi. Likita ya ce barin duka shi ne lafiya, amma ko me za a yi kada ya koma wa sigari. Ni dai raina bai so abin ba. Na tambayi malamarmu, ta ce abin da ke cutar da jiki a nisance shi, ta kuma ce mai neman fita daga cuta a kama masa. Na dawo gida da tambayata yadda na tafi da ita.

Ba tausayi ne ya sa na sa hannu ba, ina so ki san wannan. Ƙin ɓarna ne, halin nan nawa da kike yi wa dariya tun ina tara guntayen yadi a buhu. Da farko irin waɗanda ake sha a yar yake saye, kullum in share ɗaki in tarar da su a kwandon shara, ga cefane yana raguwa. Rannan na ja mayafina na nufi shagon da ake sayar da kayan, na tsaya cikin samari kunya kamar ta kashe ni, na ce mai shagon ya koya mini yadda abin zai daɗe.

Ya koya mini kuwa. Ya ce a sayi guda ɗaya mai kyau wadda ake sake cikawa. A sayi babbar kwalbar ruwa, ta fi ƙanana sauƙi. Kada a zuƙa sai audugar ta jiƙu sosai, in ba haka ba ta ƙone, an yi asara. Kada a bari ruwan ya ƙafe a tanki, kuma a rage wuta don wayar ta yi ƙarko. Idan ɗanɗano ya canza, ba sai an sayi sabon kan da wayar ke ciki ba: a zare tsohuwar audugar, a wanke wayar, a zura sabuwa, kada ta matse kuma kada ta yi sako-sako. Yatsun Baban yara sun yi kauri da ɗaukar buhuna, nawa kuwa na allura ne. Sai aikin ya dawo kan teburin keken ɗinkina. Ya laƙaba mini Injiniya. Idan ya dawo daga aiki sai ya miƙo mini na'urar, wai ga mota ya kawo gareji, kada a cuce shi a kuɗin gyara. Nakan ɗaure fuska, amma ina jin daɗi, Allah Ya yafe mini. Tarinsa ya ragu, yana hawa matakalar gidanmu ba ya tsayawa hutu. Na fara ganin kaina mai dabara.

Abu biyu mai shagon ya nanata mini. Batirin da rigar ledarsa ta yage a jefar da shi, kuma batirin ajiya kada ya shiga aljihu sai cikin ɗan akwatinsa na roba. Na ce a raina ɗan kasuwa ne, ciniki yake nema. Ban sayi akwatin ba. Da rigar wani batir ta yage, Baban yara ya bi umarni ya jefa shi a shara. Ni na tsinto shi, na naɗe wurin da salatif, na cika shi da caji, na sa masa a aljihun wandon aiki, wai don kada nasa ya ƙare da rana ya zauna jiran caji. A aljihun nan yake zuba makullan sito. Na san da haka, ni nake wanke wandon.

Zafin jiki ya zame salatif ɗin, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A bakin ƙofar sito abin ya kama. Ya sa hannun dama zai fizgo shi, hannun ma ya tafi. Cinyar kuwa ba zan kwatanta miki ba. Da likita ya tambayi yadda aka yi, ina tsaye a wurin, Baban yara ya ce shi ne ya yi ganganci. Bai ko dube ni ba, don kada a gane.

A barandar asibiti, inda mata ke shimfiɗa kwali su yi salla, na yi wa Allah alkawari da rantsuwa: idan Ya tashe shi a kan ƙafafunsa, hannuna ba zai sake taɓa na'urar nan ba, ko audugarta, ko ruwanta, ko batirinta. Na rubuta miki ne don a samu mai shaida a kaina.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki da iyalinki. Takardarki ta iso, na karanta ta har ta yi laushi. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi, amma ki daina tsugunno wajen wanki, kina da masu yi miki. Yaya jikin sabuwar jikarki? Allah Ya raya ta.

Kin ce tun ina yarinya nake tsananta wa kaina, ni ce mai sake alwala sau uku. Kin ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Yaya, amma ƙaddara ba ta riƙe salatif ba.

An sallame mu. An yanko fata daga ɗaya cinyar an lulluɓe ƙunar, likita ya ce ta kama, sai dai a kula. Baban yara yana takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Allah Ya tashe shi kamar yadda na roƙa. Hannun ne bai dawo ba. Yatsu uku sun ƙage, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. A sito an ba wani makullan, an ce kafin ya warke. Yanzu keken ɗinkina ne ke ɗauke da gidan, da magani, da bandeji.

Abokin aikin nan nasa ya zo dubiya ya kawo masa sabuwar na'ura kyauta, irin mai batir a rufe a ciki, wadda ba a cirewa. Ya kawo irin mai auduga, domin ya san matar gidan gwana ce. Haka ya faɗa yana dariya, ni kuwa na shige kicin. Audugar da ta zo da ita ta yi kwanaki, sannan ta ƙone. Mai shagon yana naɗawa idan an biya, amma shagon da nisa, kuma abin da ke hannuna na magani ne. 'Yar autarmu ta ce a koya mata, babanta ya daka mata tsawa, ya ce ɗan da ya haifa ba zai taɓa kayan taba ba yana raye.

Sai ya juyo gare ni. Cikin wasa ya fara, wai gareji ya daɗe a rufe, ko Injiniya ta yi ritaya ne ba a yi mata walima ba. Na gaya masa rantsuwar da na yi. Sai ya ce shi bai roƙi kowa ya yi rantsuwa a kan ƙafarsa ba, kuma shi da aka ƙona ya yafe, to wa ya rage?

Ga abin da na yi, ki auna mini shi. Na ce rantsuwata a kan hannu take, ba a kan baki ba. Na zaunar da shi a teburin keke, na koma gefe na harɗe hannuwana, ina faɗa masa yana yi. Ya yanki audugar da faɗin ɗan yatsa. Ya murza bakinta ya yi tsini. Ya zura a hankali. Da hannun hagu yake yi, na daman yana danne da na'urar kamar guntun itace. Audugar ta faɗi ƙasa, ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Da ta shiga sai ta matse, ya ja, wayar ta lanƙwashe. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Aikin da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, muka wuni a kansa. A ƙarshe ya gaji, bai jira ta jiƙu ba ya zuƙa, ƙaurin ƙonanniyar auduga ya shige masa ƙirji, ya yi tari har ya riƙe ɗinkin cinyarsa. Da ya lafa sai ya ture na'urar gefe, ya ce ya gode, Malama. Bai taɓa kirana da wannan sunan ba.

Kin tuna mini cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri yana iya warwarewa ya yi kaffara. Na sani, na kuma san azumin ba zai gagare ni ba. Abin da ban sani ba shi ne ko wannan alheri ne. Sau ɗaya na bi dabarata a kan abin nan, kin ga inda ta kai mu. Kuma ina jin nauyin in karɓi abin da na roƙa, sannan in dawo ina neman ragi. Wani lokaci kuma sai in ce anya tsoron Allah ne ke riƙe da ni, ba tsoron hannuna ba? Idan na duba zuciyata ba na iya raba su.

Ki ba ni amsa, ko da faɗa ne. Yara suna gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidanki. Ki yafe mini jinkirin amsa. Faɗanki ya iso, kuma na cancance shi. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Likita ya ce Baban yara ya riƙa motsa ƙafar, sai ya fara fita da sandarsa zuwa bakin titi bayan la'asar. Na yi murna. A kusurwar layinmu akwai mai tebur da ke sayar da ashana da alewa da sigari ɗai-ɗai. Ran farko da ya dawo na ji warin a rigarsa tun kafin ya zauna, ga alewar na'ana'a a bakinsa kamar yaron da ya yi laifi. Mutum mai furfura, Yaya. Na yi kamar ban ji warin ba. Kara ɗaya ba ya buƙatar yatsu biyar, ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar mace ta naɗa masa komai.

Na'urar tana nan kan teburin keke inda ya ture ta. Nakan ɗaga yadi in kewaye ta. Ranar da na fara jin tarin nan na dā ya dawo, mai fitowa daga can ƙasa, na zauna a gabanta bayan ya fita. Audugar tana cikin aljihun tebur, almakashi yana kusa. Na san ko ido a rufe zan gama. Na zauna a kan tafukana har aka kira magariba, na tashi na yi alwala. A sallar nan na roƙi Allah Ya nuna mini alama. Ban ga komai ba, ko kuwa an nuna mini na ƙi gani.

Da na zo canza masa bandeji sai na ga gefen sabuwar fatar ya yi duhu. Na ce ko datti ne, na goge, bai fita ba. Bayan kwana kaɗan ya fara wari. Likita bai tambaye shi komai ba, yatsunsa na hagu kawai ya kama ya duba, ya ga rawayar taba. Ya ce hayaƙi yana hana jini isa ga fatar da aka dasa, kuma wadda aka dasa ta mutu. Ya juyo gare ni ya ce, ke da kike tare da shi, ba ki gani ba? Na ce na gani.

Gobe za su sake shiga da shi su kankare abin da ya lalace. Sun ce sai sun buɗe za su san iyakar inda ya kai. Na tambaya ko ƙafar za ta tsira, likitan ya ce mu yi addu'a. Ga ƙirjin kuma, sun sa masa robar iska a hanci.

Ɗazu na ba shi ruwa, ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, yana juya yatsuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kaya a kasuwa. Na zaci zai yi mini gori, har na so ya yi. Sai ya ce in tafi gida in huta, akwai ɗinkin mutane yana jirana. Har yau bai ɗora mini laifin komai ba, na farko ko na biyu.

Malamarmu ta zo dubiya. Na ba ta labari duka a baranda. Ta ce da na tambaye ta tun farko da ta ce in warware in yi kaffara, kuma ko yanzu ƙofa a buɗe take. Na ce mata yanzu likita ya hana shi komai, da hayaƙin da tururin, babu sauran abin da zan warware dominsa.

A ƙarshen takardarki kin ce in bar kewaye-kewaye in gaya miki abu ɗaya, ko na karya rantsuwar nan ko ban karya ba. Ban karya ba, Yaya. Tun daga barandar asibitin nan har zuwa yau hannuna bai taɓa na'urar ba, ko audugarta, ko ruwanta, ko batirinta. Na cika alkawarina cif.

Idan gwiwarki za ta iya mota, ki zo.

Ƙanwarki,
Auta