Wuyan Mai Tukku

Riruwai, Janairu 1956

Zuwa ga ɗana Ɗahiru,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Bayan haka, ina nan da rai, amma ƙafafu sun ƙi. Masallacin unguwa ma sai na huta a hanya. Saudatu matar maƙwabcinmu ce ke aiko mini da tuwo, Allah Ya saka mata.

Tun rasuwar mahaifiyarka ba ni da abokin hira a gidan nan sai gaurakan nan nata, Mai Tukku. Shi ke tashe ni da asuba, don kunnena ba ya kamo kiran ladan yanzu. In na zauna a tabarma sai ya zo yana tsintar dawa a tafin hannuna.

Ka ce aikinku a gidan ajiye halittu shi ne auna ƙasusuwan tsuntsaye da dabbobi. Ni da na tsufa ina auna kuza ban ga laifin awo ba. Amma ka zo in gan ka. Rabona da kai tun sadakar arba'in ɗinta.

Haza wassalam.
Mahaifinka, Inuwa

Ikko, Fabrairu 1956

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan jiki ya yi sauƙi. Takardarka ta zo da wata dama. Baturen da nake aiki ƙarƙashinsa yana nazarin maƙogwaron gauraki, yana son ya san yadda wurin da kuka ke fitowa yake sauyawa da tsufa. Duk waɗanda ke ajiye a kwalabenmu harbo su aka yi a daji, ba wanda ya san shekarunsu. Da na gaya masa namu tun shekarar da aka haife ni yake gidanmu, sai da ya miƙe tsaye.

Ya ce in ya samu wannan, zai kawo aikin bana dajin Falgore, ni ne tafinta. Ka ga sai in sauka a gida, in yi damina tare da kai.

Adamu direban motar kuza zai kawo maka ƙaramin durom da ruwan magani mai hana ruɓa. Abu ɗaya ne, Baba: kada wuƙa ta taɓa wuyan. Danne ƙirjinsa za a yi har numfashi ya ɗauke. Haka muke yi a nan.

Ɗanka mai biyayya,
Ɗahiru

Riruwai, Maris 1956

Ɗahiru,

Ina gaishe ka. Adamu ya sauke durom, yana zaure. Da ya ji abin da za a saka a ciki sai ya ce, "Malam, yanzu Bature ya rasa abin awo sai wuyan tsoho?" Ban gane ko ni yake nufi ko tsuntsun ba, ban kuma yi dariya ba.

Abin da ka kwatanta maƙurewa ce. Tsuntsun da mahaifiyarka Kulsum ta yi reno tun yana ɗan tsako, kai da shi a zane ɗaya, shi zan mayar mushe da hannuna? Ba ka iya zuwa haka nan, ba tare da wannan ba?

Allah Ya yi maka albarka.
Mahaifinka

Ikko, Maris 1956

Baba,

Ina gaisuwa. Ba ci za a yi ba, balle a yi maganar mushe. Ilimi ne, kuma za a rubuta sunan Riruwai a jikin kwalbarsa. Hutu kuwa ba a ba sabon ma'aikaci. In babu wannan, Borno za a tafi, ba ni da ta cewa. Shi ma ai ya tsufa, ko an bar shi ba zai daɗe ba. Don Allah a hanzarta, Bature na jira.

Ɗanka,
Ɗahiru

Riruwai, Afrilu 1956

Zuwa ga ɗana Ɗahiru,

Bayan gaisuwa, an yi. Durom ya bi Adamu zuwa Kano, zai saka shi a jirgin ƙasa.

Zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani. Da hantsi na kira shi ya zo da kansa. Na ba shi dawa ya ƙoshi. Na kwantar da shi gindin tsamiya, na ɗora hannu biyu a ƙirjinsa na danne kamar yadda ka ce. Ɗahiru, hannuwan nan ba su da ƙarfin da ka san su da shi. Sai in danne ya yi laƙwas, in gaji in sassauta, ya ja numfashi ya buɗe ido. Bai sare ni ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa kawai ke tonon ƙasa. Saudatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, don girman Allah ka hutar da shi," ta rufe fuska da gyale ta koma.

Na juya shi gabas, na yi bisimilla, na yanka. Na yi can sama kusa da kai, don in bar muku wuyan da tsawo. Ka ba Baturenka haƙuri, ka ce masa tsufa ne.

Na sa an share ɗakinka, an gyara jinkar kafin ruwa ya sauka.

Haza wassalam.
Mahaifinka, Inuwa

Ikko, Mayu 1956

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, saƙo ya iso. Baba, wuƙar ta bi ta kan maƙoshin, ta raba maƙogwaron biyu, Bature kuwa a haɗe yake son sa daga kai har ƙirji. Ya ɗaga wuyan ya duba, ya ajiye. Daga baya ya sa na auna baki da ƙafafu, na rubuta a jikin kwalbar cewa ba cikakke ba ne. Tana can a kantar ajiya ta can ƙasa.

Borno za mu tafi a ƙarshen wata, za a harbo wasu a bakin tafki. Ban ga laifinka ba. Ni ne ban yi tunanin hannunka ba. In Allah Ya yarda zan nemi hutu bayan kaka. A gaida Inna Saudatu.

Ɗanka,
Ɗahiru

Riruwai, Yuni 1956

Ɗahiru,

Allah Ya kai ku Borno lafiya. Ruwa ya sauka, ɗakinka bai yi yoyo ba.

In tukkun ba ya cikin abin da ake aunawa, ka yanko mini shi ka aiko.

Kwanakin nan ina makara sallar asuba. Na gaya wa Saudatu, ranar da ta ga hantsi ya yi ƙofata a rufe, kada ta tsaya sallama, ta kira maza su ɓalle.

Allah Ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Inuwa