Ƙuri'ar Ardith

Zuwa ga 'yata Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin lauyanki na birni. Mu nan sai godiya. An gama girbin masara, gwiwata ce kawai ke ta mita.

Albishirinki! Ɗan takararmu ya cinye jihar nan, ni kuma ina cikin wakilan da jam'iyya ta tsayar su jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa a madadin jiha. Ni Orval, da na tsufa ina kafa allunan kamfe a bakin titi, ina dafa wa masu yawon neman ƙuri'a kofi! A watan Disamba za mu sa hannu a zauren majalisar jiha. Kowa an ba shi kujerar baƙo ɗaya, tawa taki ce. Har sabuwar kwat na saya. Mai shagon ya ce na yi kama da gwamna, na san ciniki yake nema, amma na yarda da shi.

Mahaifinki,
Orval Lindgren

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma taya ka murna har cikin zuciyata. Ba wanda ya fi ka cancanta.

Sai dai gara ka ji daga bakina kafin ka gani a jarida. Ni ce zan tsaya gaban kwamitin majalisa bayan sabuwar shekara, in kare ƙudurin da ke neman a haɗa ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, wanda ya fi yawa ya zama shugaba. In isassun jihohi suka amince, wakili irinka zaɓin ƙasa zai bi, ba na jiharsa ba. Abokanka sun san fuskata. In zamana a kujerar nan zai ba ka kunya, ka faɗa mini.

'Yarka,
Marlys

Marlys,

Na ga takardarki. Wato sai da na samu kujera za ki taho da zarto. In aka bi taku, wane ɗan takara zai ƙara tuna akwai mutane a ƙauyukanmu? Manyan birane su yi ta naɗa mana shugaba, mu kuma mu yi ta noma musu abinci. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Kujerar baƙon kuwa, matar Fasto ta daɗe tana nuna tana so.

Ki zauna lafiya.
Orval

Baba,

Ina gaisuwa. Ka ba matar Fasto, ba zan yi fushi ba.

Amma ka tuna ranakun zaɓe, kai da marigayiya Mama, kowa da jam'iyyarsa. Kuna fitowa daga rumfar zaɓe sai ka ce, "Ardith, na soke ƙuri'arki da tawa." Ita kuma ta ce, "Tsoho, ni na soke taka, wuce ka sayo mana kek." Ina bayanku ina ta dariya.

Sai da na girma na gane babu wanda ya soke ta wani. Jiharmu kullum taku ce, wanda ya ci kuma shi ke kwashe wakilai duka. Taka tana isa babban birni Washington, tata a nan take tsayawa. Ta san da haka sarai, amma ba ta taɓa fasa shafa jan baki ta je ta bi layi cikin sanyi ba. Ba kujerarka nake sara ba, Baba. So nake a ƙirga irin tata.

'Yarka mai ƙaunarka,
Marlys

'Yata Marlys,

Gaisuwa da sa albarka. Jiya muka sa hannu. Matar Fasto tun ana jawabin buɗe taro ta fara gyangyaɗi, na san alhakinki ne ya kama ni.

A wajen cin abinci shugaban jam'iyya ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Orval, wai 'yarka ce ke son raba mu da aiki?" Na ajiye cokali na ce, "Tawa ce. Duk cikinku wa ya haifi wadda za ta iya?"

Maganar uwarki har yau ban samo amsarta ba. Amma kada ki yi saurin murna, ban sauya ra'ayi ba. Ni ma zan tsaya gaban kwamitin nan, in yi adawa da ƙudurinki. Ki shirya da kyau, don ba zan raga miki ba. In kuma kika kayar da ni a gaban jama'a, ni zan fara tafa miki.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Orval